Ranar da Aka Hana Cinikin Fatar Jaki

Da hantsi wani tsoho ya gano gawar jakarsa da aka sace, yashe a bakin kanal ɗin ban ruwa bayan gonar shinkafa. An feɗe ta, an tafi da fatar. Ita ce ta yi shekara da shekaru tana kai masa albasa kasuwar Kura.

Maƙwabcinsa, wanda bai hango gawar ba, ya tsaya da babur a kan hanya.

"Baba, kwantar da hankalinka! Yanzu na ji a rediyo, ƙasashen Afirka sun haramta yanka jakuna don fata."

Tsohon bai ɗago ba. Idonsa na kan ɗan jakar, da ya biyo shi daga gida, yana zagaya jan naman, yana cusa hanci yana neman nono.