Ƙafar Malam Badaru

Lukuman yana tsugune gaban duro na uku, ya kwance famfon ƙasa laka tana zuba a bokiti, sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa Adawiyya ce daga Gammo. Ta ce ƙafar Baba ta sake kumbura, yau ko masallaci bai iya takawa ba.

Sana'ar Lukuman baƙin mai ce. Yana bin makanikan Gwarzo da masu injin niƙa da manoman rani yana tattaro man da aka juye daga inji. Sai ya bar shi a duro mako guda datti ya kwanta, ya dafa shi ruwan ciki ya ƙone, ya tace da raga da ƙyalle, sannan motar kamfani ta zo daga Kano ta kwashe a sake sarrafa shi. Mutanen kamfanin ba su da wasa, in suka ga datti sai su ce zai toshe musu bututu, su juya mota. Shekara tara yana shaƙar hayaƙin nan har hancinsa ya mutu murus. Ko daddawa aka kai masa sai ya tambaya mece ce.

Lakar ƙasan duro kuwa guba ce, kuma ba wanda ya kai shi wa'azi a kanta. Ba ya taɓa ta sai da safar hannu, ba ya zubar da ita a ƙasa saboda rijiyar unguwa. Allah ya haɗa shi da wani Jalo mai zuwa da jarkoki biyu a babur yana ɗauke ta kyauta, wai ana shafa wa azara da gindin rumbu saboda gara. Lukuman ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ya rufe famfon, ya wanke hannu sau uku, ya kama hanyar Kabo zuwa Gammo.

Malam Badaru, mahaifinsa, fartanya ce ta sare shi a ƙwauri farkon damina. Ɗan yanka ne da bai kai a faɗa ba, amma tsohon yana da ciwon suga, ga taurin kai da ya gada tun kakanni. Sau uku Lukuman yana goyo shi zuwa asibiti a Gwarzo. Sister Keziah, ma'aikaciyar jinya mai sanyin hannu, takan wanke gyambon ta ɗaure, ya fara kamewa, a koma gida, bayan kwana goma a dawo ya fi da muni.

A zuwa na huɗu ta daɗe sunkuye a kan ƙafar. Da ta ɗago sai ta ja Lukuman gefe, ta tambaye shi ko yana taɓa ciwon da hannun aikinsa. Ya rantse ba ya yi. Amma da ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcensa, sai ya fara zargin kansa. Daga ranar ya daina taɓa mahaifinsa. In za a ɗaga tsohon sai ya kira maƙwabta, shi ya tsaya gefe yana kallo kamar baƙo, abin yana cin ransa.

Duk da haka ciwon bai fasa hawa ba.

Adawiyya ce ta fasa ƙwan, tana kuka ƙasa-ƙasa a zaure. Ta ce duk safiya Baba yana kwance bandeji ya shafa wani magani da maƙwabcinsa ke karɓo masa wurin wani mutumin garin Durun, ya kuma ja mata kunne kada ta faɗa. Lukuman ya buɗe 'yar robar ya shinshina, bai ji komai ba. Adawiyya ta ce ita man kaɗanya da turare take ji, sai kuma warin baƙin man da ke bin Lukuman ko'ina.

Ya durƙusa ya roƙi tsohon ya bari. Malam Badaru ya kawar da kai.

"Na asibiti na naka ne, wannan nawa ne. Ƙafar dai tawa ce ko?"

Wa ya isa ya ƙwace abu a hannun mahaifinsa? Lukuman ya ɓoye robar, washegari wata ta bayyana ƙarƙashin matashi.

Ranar Litinin likita ya zana layi da biro ƙasan gwiwa kaɗan, ya ce in baƙin da ƙafar ke yi ya haura nan zuwa Juma'a, ba makawa sai an yanke. Malam Badaru, wanda bai taɓa barin wani ya nome masa kunya ɗaya a gona ba, ya rufe fuska da hula. Keziah ta ce da za a san abin da ke cikin maganin, da likita ya san ta inda zai ɓullo.

Haka Lukuman ya hau babur ya nufi Durun, bai san ko faɗa zai yi ko roƙo ba. Yana tafe yana addu'a Allah ya sa mutumin ya yarda ya faɗa, don masu magani ba sa son tona asirin haɗinsu. Ya tambayi gidan mai maganin gyambo, aka nuna masa wani zaure bayan makarantar firamare. Mata uku suna zaune a inuwa da robobi a hannu, ɗaya tana goye da jaririya mai ƙuraje a wuya.

Ya yi sallama ya tsaya. Aka amsa daga ciki, aka ɗaga asabari, Jalo ya fito yana murmushi, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

"A'a, Malam Lukuman, yau da kanka? Ka zo a kan gaɓa, lakar nan da kake ba ni ta ƙare tas, ga bayin Allah suna jira, kuma akwai wani tsoho a Gammo da ban haɗa wa na wannan makon ba."