Sunaye Talatin da Ɗaya

Marsudi ya wasa laujen har ya aske gashin hannunsa da shi, ya soke a bayan zanensa, ya bi ta tsakanin gonakin shinkafa.

Kwanansa uku da dawowa daga tsibirin Buru. Shekara goma sha huɗu ya yi a tsare yana yi wa sojoji noma. Haƙora shida ya baro a can, matarsa kuma ta gaji da jira ta yi aure. Abu guda ya hana shi mutuwa, son sanin wanda ya ba sojoji sunayen mutanen ƙauyen.

Shi ne malamin yaƙi da jahilci da jam'iyyar gurguzu ta turo ƙauyen. A rumfar shanyar taba ya koya wa manoma karatu, kuma ba ƙaramin alfahari ya yi ba da ofishin jam'iyya na gunduma ya yaba da shaidar aikin da ya aika. Wata biyu bayan nan duniya ta juya musu baya, sojoji suka shiga farautar 'yan jam'iyyar. Shi a gari aka kama shi. A ƙauye kuwa motar soja ta zo da rana tsaka, aka kira mutum talatin da ɗaya, suna bayan suna, aka yi bakin kogi da su, ba wanda ya dawo. Har da tsoho Sarijan, wanda ko ma'anar gurguzu bai sani ba.

Cikin masu zuwa rumfar, Tukiran kaɗai aka bari, daƙiƙin da ya yi sati uku bai iya harafi ɗaya ba, har Marsudi ya kore shi a gaban jama'a ana dariya. Biri ya yi kama da mutum.

A hanya ya wuce Mbok Ngatinem, matar Sarijan, tana shanya rogo. Ya rusuna ya gaishe ta.

"Ka dawo mana da allin naka, Malam?" ta ce, ta juya masa ƙeya.

Bai ji haushi ba. Kowa tsoron gaisawa da tsohon fursuna yake yi.

Ya tarar da Tukiran a ƙofar gida yana saƙar kwando, ya tsufa, ya ranƙwafa.

"Malam! Ashe da sauran shan ruwa. Ajiye laujen mana, ai girbi bai zo ba."

"Me suka ba ka, kare?"

"Shebur," in ji Tukiran. "Ni na haƙa ramin, ni na rufe. Wallahi ba su tambaye ni sunan kowa ba, da takardarsu suka zo. Da suka gama hafsan ya yar, na tsinta."

Ya shiga ɗaki. Marsudi ya zare laujen ya riƙe. Sai ga Tukiran ya fito da guntun gora, ya zaro takarda a naɗe, duk ta yi jawur don tsufa.

"Matan mamatan kaɗai na nuna wa. Suka fashe da kuka, ba wadda ta gaya min abin da ta gani. Ka san kan nawa, kai ka ce busasshiyar kwakwa ce. Duba min, Malam, wane la'ananne ne ya rubuta?"

Marsudi ya warware ta. Ba hannu ɗaya ya rubuta ba. Sunaye ne talatin da ɗaya, manya, a karkace, kowanne an soke shi da jan fensir. Ga na Sarijan, harafin farko ya juya baya, kamar yadda ya fito ranar da tsohon ya yi kukan murna.

Can sama kuma, da kyakkyawan rubutun Marsudi, ga abin da ya aika wa ofishin gunduma: "Manoman da na fitar daga duhu, kowa ya sa sunansa da hannunsa."