Shawarar da Na Ba Kansila

Gorar Tanko, mai wasa da kura, ta sake sauka a gadon bayan dabbar, 'yan kallo a bakin Babbar Kasuwa suka yi shewa. Takunkumi ya ci mata baki, kunnenta na hagu a tsage. Tun rasuwar matata Rahama ba mai sauraron mitata a gida, sai na kai ta gaba. A shekarar soja suka koma bariki, aka ce yanzu talaka ma yana da baki.

"Ranka ya daɗe," na ce wa sabon kansilanmu da na je ofishinsa, "na karanta cewa a wasu ƙasashe ana son a daina wasa da giwa mai rai. Mutum ne zai shiga rigar dabba ya yi rawa. A hutar da kurar nan."

"An gama, Malam Nu'uman," in ji shi.

Ban taɓa ganin hukuma ta ji maganata ba. Tun nan ya kamata in tsorata.

Ranar Juma'a na ji ganga a Ƙofar Guga. Ga wani ƙato yana rarrafe cikin fata, yana kukan kura, jama'a na dariya. Ba sarƙa, ba gora.

Tanko ya hango ni. "Malam, ga shawararka nan! Yanzu ba a dukan kowa."

"Ita kurar fa? Kun maishe ta daji?"

"Daji kuma? To rigar ina za mu samo ta?"

Mai rawar ya juyo. Kunnen hagu a tsage yake.