Maginiyar da ta Kife wa Mangwaro Randa

Tunda kin ce ke ba za ki iya ganin naki yana shan wahala ba, matso kusa, 'yata, in ba ki misalin wata maginiyar tukwane. Mace ce mai hannu, randar da ta gina sai ta ga jikokin mai ita. Mijinta manomi ne, kuma a damunarsa ta ƙarshe ya binne ƙwallon mangwaro a tsakar gida, gefen rijiya. Kwana bakwai da rasuwarsa tsiron ya leƙo. Baiwar Allahn nan tana cikin takaba ta ɗauki son duniya ta ɗora masa, domin shi ne abu na ƙarshe da hannun maigidanta ya shuka, in ya mutu ba ta da madadinsa.

To, abin da ta koya a gaban uwarta tun tana yarinya shi ne ɗanyen abu ba ya son rana. Tukunyar da aka gama ginawa a inuwa ake ajiye ta ta sha iska, in rana ta doke ta tun tana ɗanya sai ta tsage. Da ta ga rana ta take a kan 'yan ganyen nan masu taushi, sai hankalinta ya tashi. Ta ɗauko randar da ta fi kowacce kyau a cikin gininta ta kife a kansa, ga maganin rana, ga maganin awaki. Sai rana ta faɗi take ɗagawa, ta zuba masa ruwa, ta barbaɗa taki, ta yi masa hira kamar mai jin magana, ta mayar ta rufe. Tsiro ya yi ta tsawo siriri kamar tsinken tsintsiya, ganyensa ya koɗe, wuyansa ya langaɓe. Ta ƙara ruwa, ta ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Wallahi ta sha kuka a gindin randar nan.

Ran nan ƙanen mijinta, wanda ke lambu a fadama, ya zo gaishe ta. Ya ga randa kife a bakin rijiya, ya ɗaga, ya ga tsiron, sannan wasan da suka saba ya motsa. Ya ce, "Matar yaya, ashe takabar ku biyu kuke yi?" Ta yi dariya da hawaye a fuska. Ya tsuguna ya yi mata bayani a hankali, cewa itace ba ya cin tuwon kowa, shi ke girka nasa, kuma ganye ne madafarsa. Saiwa ta ɗebo ruwa daga ƙasa, ganye ya shaƙi iska ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, koren da ke jikinsa kuma ya kama hasken rana. Da wannan hasken yake haɗa ruwa da iska su zama zaƙin da ke ciyar da itacen tun daga toho har saiwa. Abin da ya riƙe wannan zuwa yau guzurin cikin ƙwallonsa ne, kuma ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Kin yi masa cefane, kin kawo ruwa, amma kin kashe masa murhu." Ta ce, to awaki fa? Ya ce ta fasa gindin randar, jikinta ya tsare awaki, samanta ya bar rana ta shigo.

Matar da ta shekara arba'in tana gudun tsagewar tukunya, ita ce ta ɗauki dutse ta ƙwanƙwashe gindin randarta da hannunta. Kwanakin farko hantsi kawai take barinsa ya sha, da tsakar rana ta ɗora faifai, daga baya ta janye faifan ɗungurungum. In rana ta yi zafi ganyen ya ɗan yi yaushi, tana kallo daga rumfa, hannunta na ƙaiƙayi, amma ta danne zuciya ta zauna. Kafin mako uku ganye ya yi kore shar, kara ya yi ƙwari ya miƙe. Shekara shida bayan nan ta tsinki nunannen farko, ta zauna a kan turmi ta sha, zaƙi har kunne, ruwansa na bin gwiwar hannunta, tana yi wa maigidanta addu'a. Wannan zaƙin, 'yata, hasken ranar nan ne da ta so ta hana shi sha. Shi ya sa Hausawa ke cewa, sai an sha wuya akan sha daɗi.