Murfin Bakin Tawada

Hoton matarsa ya fito daga firinta da fararen layuka uku a fuskarta, ɗaya ya ratsa ta tsakiyar ido. Tsohon ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya kife ta a tebur ya ɗauko sukudireba.

Tun rasuwarta gidan ya yi masa girma. Ɗaki huɗu, shi kaɗai, ba motsin kowa sai na agogon bango. 'Yarsa, wadda ke aikin jinya, takan leƙo Talata da Asabar, ta jera masa magunguna a 'yan kwalabe, ta duba girkin gas, ta tafi. Maƙwabta in sun hango shi a ƙofa sai su ɗaga hannu: "Injiniya, an tashi lafiya?" Ya amsa, yana ganin tsokana ce kawai don sun san shi da kwance-kwancen kaya.

Bai sha wahalar gano cutar ba. A bakin kwalin tawada akwai 'yan ramuka da suka fi gashin kai siriri, ta nan ake feso launi. In firinta ta yi kwanaki ba aiki, iska ta busar da tawadar, ramukan su toshe. A inda kwalin ke tsayawa ya huta babu komai sai ɓurɓushin wata ruɓaɓɓiyar roba, ya hure ta.

Yana wanke hannu dabarar ta faɗo masa, cikakkiya, kamar an raɗa masa a kunne. Ɗan murfin roba, da soso mai laima a ciki, da sifirin a ƙasa. Kwalin na dawowa wurin hutunsa, murfin ya taso ya rufe bakin ruf, iska ba ta ga hanya ba.

Ya zauna ya zana. Hannun nan da ke karkarwa in ya ɗauki cokali, a kan takarda ko gezau, bai goge layi ko ɗaya ba. Ya yanki robar tsohon takalmi, ya ciro sifirin daga biro. Da ya kai murfin cikin firinta, sai ya zauna daram a gurbin. Sati biyu ya bar ta ba aiki, da gangan, yana ƙirga kwanaki a bayan ambulan. Ranar da ya kunna, fuskar matarsa ta fito sumul. Ya juya da sauri zai nuna wa wani, ɗakin ba kowa.

Ran Asabar ya tari 'yarsa tun daga ƙofa.

"Uwata, zo ki ga abin da ubanki ya ƙirƙiro. Duk duniya ba wanda ya taɓa tunaninsa."

Ta kalli zanen, ta kalle shi. "Ya yi kyau, Baba. Ka sha na safe?"

Abin ya sosa masa rai. Yaran yanzu, ka nuna musu wata su kalli yatsanka. Nan take ya ƙudurta zai kai zanen ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, a ba shi takardar mallaka, sunansa ya zauna a wani wuri bayan ransa.

Litinin da hantsi ya sa rigarsa mai kyau, ya hau bas da fayil a ƙirji. Maigadin ofishin ya miƙe ya gaishe shi, bai tambaye shi wurin wa ya zo ba, ya nuna masa bene. A sama ya zauna a benci yana shafa fayil ɗin har aka kira shi.

Ma'aikaciyar mace ce mai tabarau, ta manyanta. Ta ja masa kujera da kanta, ta saurari bayaninsa tun daga ramuka har sifirin, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ajiye zanen a tebur.

"Baba, aikin nan ba shi da makusa. Sai dai an riga an yi masa rajista."

"An riga? Wa?"

"Shekara talatin da ɗaya ke nan. Firintoci da yawa da shi suke fitowa. Taka ma akwai shi, ruɓewa ya yi."

Sati biyu yana kwana yana tashi da abu ɗaya da ya ji nasa ne, ashe wani ya riga shi tun gashinsa na baƙi. Wani can mai sa'a, da ofis da ma'aikata, wanda ba ya cin abinci shi kaɗai.

"Nuna mini shi," ya ce. "In san wanda ya sha gabana."

Ba ta je ɗakin ajiya ba. Aljihun teburinta ta jawo, ta ɗauko wata takarda da gefenta ya yi laushi don yawan taɓawa, ta shimfiɗa masa. Da ɗaya hannun ta ɗauki waya ta kira 'yarsa, ta yi ƙasa da murya: "'Yar'uwa, ya sake zuwa. Yana nan lafiya, ki taho a hankali."

Tsohon bai ji ta ba. Ya gyara tabarau, ya bi zanen da yatsa, murfi, soso, sifirin, yana jinjina wa mai shi ko da ba ya so. Ya gangaro ƙasa inda aka rubuta mai ƙirƙira, ya karanta sunan sau biyu, ya tsura wa sa hannun ido.

Sunansa ne, sa hannun ma nasa.