Sifikun Alhaji Muntaka

"Ƙara mini sifiku biyu," in ji Alhaji Muntaka, mai fataucin shanu.

Ridwan mai haɗa rediyon mota ya ɗago daga bayan a-kori-kurar. "Alhaji, ampli biyu na saka, ga manyan sifiku huɗu masu girgiza ƙirji. Wace waƙa za ka ji haka?"

"Kai dai ɗaura."

Labari ya karaɗe Garwa. An sace wa Alhaji shanu goma sha ɗaya a hanyar Touboro, an karya wa makiyayinsa Buba ƙafa, shi kuma ya ɓige da sayen sifika kamar matashi. Mahamat, abokin sana'arsa, ya fi kowa dariya, yana cewa asara ta taɓa masa kai.

Ranar kasuwa Muntaka ya tsayar da motar dab da garken Mahamat.

"Yau rawa za mu yi, Alhaji?" Mahamat ya tambaya yana washe baki.

"Kai kam za ka yi."

Ya murɗa sauti har ƙarshe. Ba waƙa ce ta fito ba. Muryar Buba ce, wadda aka ɗauka a waya daga gadon jinyarsa, yana kiran shanunsa da Fillanci, kowace da sunanta.

Shanu goma sha ɗaya suka ɗaga kai. Suka ratso garken Mahamat a guje, suka kewaye motar suna shinshinar sifiku.



Muntaka ya buɗe ƙofa, wani jandarma da ya zo da shi a motar ya fito.

"Mahamat, ga abokin rawarka."