Ƙa'ida Biyu da Nonon Gwaggo

Karo na bakwai ke nan manhajar da ya haɗa ta maimaita amsa ɗaya, har ya kusa maka wayar da ƙasa. Ƙa'ida biyu kacal ya koya mata saboda masu neman aure a Bodinga: duk waɗanda mace ɗaya ta shayar 'yan'uwa ne, kuma 'yan'uwa ba sa auren juna. Ya zuba mata abin da tsofaffi suka tuna game da wadda ta shayar da kowa, ita kuwa ta kafe cewa aurensa na shekara tara haramun ne.

Ya hau babur sai Dingyaɗi wurin gwaggonsa, yana huci.

"Gwaggo, ji shirmen na'ura! Wai ni da matata nono ɗaya muka sha."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta.

"Wa ag gaya mata?"